Rumbun Uwargida: Tarihin Ajiyar Kayan Miya a Batagarawa

A ƙasar Katsina ruwan sama ba ya wuce wata huɗu yana zuba da gaske. Yakan kankama a watan Yuni, a shiga marka a Agusta, kafin watan Satumba ya ƙare ya fara ɗaukewa. Tukunyar miya kuwa ba ta san rani ba, ba ta san damina ba. Kullum ta Allah sai an ɗora ta. Wannan tazara, tsakanin wata huɗu na ɗanyen ganye da wata takwas na ƙura da zafi, ita ta haifar da wata tsohuwar sana'a a cikin gidaje: shanya kayan miya idan kaka ta yi, da killace su har wata daminar. Maƙera suna da sarkinsu, mahauta suna da Sarkin Pawa, manoma suna da Sarkin Noma. Masu wannan aiki ba a taɓa naɗa musu kowa ba, alhali babu gidan da ya kai bazara da miya a kan tuwo sai da hannunsu.

Batagarawa ta dace da bin sawun wannan tarihi, domin ƙauyukan ƙasar Hausa kaɗan ne aka yi wa irin binciken ƙwaƙwaf da aka yi mata. A shekarar 1967, zamanin Sarkin Katsina Usman Nagogo, wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zo garin ta zauna watanni. A lokacin Batagarawa ƙaramin gari ne mai mutum kusan 1,400, mil shida kudu da birnin Katsina, mazaunin hakimin Mallamawa. Hill ta bi gonaki, ta ƙirga gidajen da ke noma ta samu 171, ta kuma fitar da littafinta Rural Hausa a 1972, wanda har yau masu nazarin karkarar Afirka ke komawa gare shi.

Abin da ta gano ya rushe tunanin masu cewa manoman ƙauye duk ɗaya suke a talauci. Da taimakon mutanen garin ta kasa gidajen nan kashi huɗu, ma'aunin kuwa guda ne: yaya gida yake kasancewa a watannin da hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba? A sama akwai waɗanda ba sa jin jiki, har ma su taimaki wasu da kyauta ko rance. A ƙasa akwai waɗanda yunwa ke shiga gidajensu. Babban abin da ya raba su shi ne rumbu. Mai hali yakan zuba dammunan gero da dawa, ya rufe, ya jira. Marar hali kuwa haraji da bashi sukan sa ya sayar tun kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, sannan ya dawo yana awo da tsada a tsakiyar damina, yana ƙwadago a gonar wani, tasa tana cika da ciyawa.

Wannan rumbun maigida ke nan, wanda ke tsaye a tsakar gida kowa na gani, ko rufewa ta laka ko na kara mai jinka. Shi ake ƙirgawa, shi ke shiga littafi. Amma hatsi tuwo kawai yake bayarwa, tuwo kuma ba a cin sa gaya. Akwai rumbu na biyu a ɗakin uwargida: tukwane a jere bayan gado an kife musu faifai, da goruna masu toshe, da ƙore a rataye a ragaya inda ɓera da gara ba sa kaiwa. Abin da ke cikinsu shi ke yanke hukuncin ko tuwon watan Maris zai ciwu.

Kayan da ke cika waɗannan tukwane ba su da gona tasu ta musamman. A karakara, wato gonakin da ke kewaye da gari waɗanda ake zuba wa taki ana nomawa kowace shekara ba hutu, manomi yakan jefa kuɓewa a 'yan kunyoyi a gefe, ya bi iyakar gona da yakuwa da rama. Sauran a cikin gida suke, ko a 'yar garka bayan danga. Inda ruwan wanke-wanke ke kwarara nan kabewa ke tsirowa, ta kama danga ta haye rufin ɗaki. Zogale a jikin shinge yake, a kafa reshensa ya kama. Tafasa da lalo da karkashi kuwa ba mai shuka su. Tsofaffi da 'yan mata ke fita su yago su a saura da bakin hanya. A zamanin da Hill ta zo matan auren garin a kulle suke, ba sa zuwa gona. Don haka aikin a rabe yake: maza da yara su kawo, mace ta sarrafa.

Kuɓewa ce ta fi cin lokaci, domin ita ba ta jira. Da zarar ta fara 'ya'ya, kowane kwana biyu ko uku sai an tsinka, in ba haka ba ta ƙosa ta zama itace. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba takan fi ƙarfin tukunya, nan ne yanka ke farawa. Mace takan zauna a kujera 'yar tsugunno da faifai a gabanta, ta fille kan kuɓewar, ta yanka ta sirara-sirara. Ba a jiƙa ta, domin ruwa na taɓa yankakkiyar kuɓewa yauƙi ya tashi, ta dunƙule ta yi baƙi. Sai a baza a tabarma a kan soro ko rumfa, a bar tsakani, a riƙa juyawa. Wahalar ita ce har lokacin sama ba ta gama ba. Hadari na haɗowa, ko magariba ta gabato raɓa na shirin sauka, sai an hau an kwashe. Shanyar da ta sha ruwa sau ɗaya fumfuna take yi. Ana gane ta bushe idan aka damƙa ta yi ƙaras, ta karye ba ta lanƙwashe ba. Gwanaye ba sa daka ta duka lokaci guda. Gari yana saurin sanyi, ƙamshi da yauƙi su gudu, don haka a yankakkiyarta ake ajiye ta, a riƙa ɗiba ana dakawa gwargwadon miyar 'yan kwanaki.

Kuka ba shukar garka ba ce, amma babu tukunyar da ta kai tata girma a ɗakin. Itacen yana da mai shi, ana gadonsa, ba a hawa na wani sai da izini. Ana yagar ganyen kafin damina ta ɗauke, domin da hunturu ya shigo kuka takan zubar da shi ta tsaya tsirara. A nan ake bambanta mai sani da mai gaggawa. Ganyen da aka baza a tsakiyar rana yakan bushe da wuri amma ya koɗe, wanda aka shanya a inuwa inda iska ke ratsawa yakan riƙe korensa. Sai a tsince sanduna, a daka, a tankaɗe da rariya mai laushi. Mai saye a kasuwa har yau launi take fara dubawa, masana abinci kuma sun zo daga baya sun gaskata idonta: rana kai-tsaye tana cinye sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, inuwa tana rage asarar. Bitamin C yawanci yakan tafi ko ta yaya aka shanya, amma sinadarin ƙarfafa ƙashi da na ƙarin jini, waɗanda kuka da zogale ke da su da yawa, suna nan daram.

Kabewa ta fi kowa sauƙin kai. Idan ta ƙosa aka yanke ta da ɗan guntun karanta, ba ta bugu ba, takan yi watanni a ƙarƙashin gado. Wadda ta ji rauni a fere ta, a yanyanka dogo-dogo, a shanya. Yakuwa kuwa sau uku take biyan mai ita: ganye don miya da fate, jan ɓawon da ke rufe 'ya'yanta don zoɓo, 'ya'yan kansu a dafa, a rufe su ruɓa, a yi daddawar batso mai ƙarfin wari, wadda ke tsaya wa gidan da ba shi da kuɗin ta kalwa.

Akwai kuma abin da ba a ci. Kuɓewar da ta fi kyau da tsawo ba a tsinke ta. A bar ta a jikin uwa ta bushe har ta fara tsagewa. Kabewar da ta fi zaƙi a ware 'ya'yanta. Wannan iri ne. A gauraya shi da toka mai sanyi, a ɗura a gora, a toshe da tsumma ko a liƙe da laka, a rataye a madafi inda hayaƙi ke korar ƙwari. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Ta haka irin gida ke wucewa daga uwa zuwa 'ya, daga maƙwabciya zuwa maƙwabciya, kowace shekara yana ƙara sabawa da ƙasar wurin da ruwanta.

Babban abokin aikin matan nan shi ne hunturu. Ɗanyen ganye da kuɓewa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, ruwan kuma shi fumfuna da ƙwayoyin ruɓa ke rayuwa a kai. Daga Nuwamba iskar da ke kaɗowa daga Sahara takan bushe har laimar cikinta ta sauka ƙasa da kashi 20, abin da aka shanya a Oktoba ya ƙarasa bushewa, ya kuma zauna a bushe. Mutanen Turai, da iskarsu ke da danshi, sai da suka nemi gishiri da ruwan kal da sukari, har Bafaranshen nan Nicolas Appert ya wallafa hanyar dafa abinci a rufaffiyar kwalba a 1810, wadda ta zama asalin abincin gwangwani. Ƙasar Katsina ba ta buƙaci kwalba ba. Haɗarin yana dawowa ne a ƙarshen bazara, idan iska ta juyo daga kudu da danshi. A lokacin ne mai hankali ke fito da abin da ya rage ta sake ba shi rana.

Ba duk abin da ke cikin tukwanen ne ɗan asali ba. Kuɓewa da kuka da yakuwa da karkashi 'yan Afirka ne tun fil'azal. Barkono da tumatir da kabewa daga nahiyar Amurka suke, ba su bazu a Afirka ba sai bayan shekarar 1500, zogale kuma daga Indiya. Kowane baƙo da ya iso sai ya amsa tambaya guda kafin ya samu mazauni a miyar Bahaushe: yana shanyuwa? Barkono ya amsa nan take, shi ya sa ya zama ɗan gida har ba a tuna baƙo ne. Tumatir, mai ruwa da saurin ruɓa, ya daɗe a gefe.

Albasa tsohuwa ce a ƙasar nan, kuma ita ta fitar da wannan aikin cikin gida zuwa hanyar fatauci. A fadama, inda masu lambu ke ɗaga ruwa da jigo da rani, ba a zubar da lawashi. A daka shi, a cura, a shanya ya bushe ƙamas, ya zama gabu. Likitan nan J. M. Dalziel ya ambaci gabu a littafinsa na sunayen tsirran Hausa da ya fito a 1916, amma kafin shi da daɗewa fatake sun san darajarsa. A ƙarni na 19 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da kayan fata, tare da busasshen ganyen albasa. Tafiya ce ta watanni. Abin da ba ya ruɓa kuma ba shi da nauyi shi ke isa kasuwar Salaga ta Gwanja da daraja.

Amfanin rumbu na biyu yakan fito fili a shekarar da na farko ya gaza. Ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai a 1913, yunwar da ta biyo baya a 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta kashe dubban mutane a ƙasashen Kano da Katsina. An sake shiga wani hali a 1927, sannan farin 1972 zuwa 1974, wanda dattawan Batagarawa na yau suka gani da idonsu. Ko a shekarar da ba fari, Yuli da Agusta sukan matse gidan marar hali. A irin wannan lokaci ganye ke ja wa hatsi tsawo, busasshe kafin sabo ya fito, sabo bayan ya fito. Ɗan tsakin da ba zai ishi gida tuwo ba, idan aka cika shi da zogale ko rama aka turara dambu, ko aka dama fate da yakuwa, sai ya zagaya kowa. Tafasa a dafa, a matse, a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da barkono. Yau kwaɗo abin marmari ne a gidajen birni. A waɗancan shekaru shi ke hana yara kwana da yunwa.

Sai kuma batun kuɗi. Tun kafin littafin, a 1969, Hill ta wallafa maƙala kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki: matan kulle suna saye da sayarwa daga cikin ɗakunansu, yara ne ke kai da kawowa, har hatsi mai yawa ta hannunsu yake bi. Kayan miya sun dace da irin wannan kasuwa, domin jarinsu kaɗan ne. Macen da ta tara kuɓewa lokacin da take banza a kaka, ta sayo ƙari ta shanya, da bazara takan sayar da ita a ɗan ludayi ko murfin gwangwani. Yarinya ta yi sallama ta ce, "Wai in ji Inna a ba ni kuka da daddawa," ta miƙa kuɗi ta fita. Dabarar attajirin manomi ce dai, tarawa da araha da jiran tsada, sai dai ita ba ta buƙatar gona. Ribar ta mace ce, miji ba shi da iko a kai. Daga nan ake zubin adashi, a sayi 'yar akuya, a fara tara kwanonin kayan ɗakin 'ya.

Hukuma ta daɗe ba ta waiwayi wannan fanni ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, hankalin Turawan mulki ya tafi can. Cibiyar binciken adana amfanin gona da aka kafa a 1948, wadda ta zama NSPRI mai hedikwata a Ilorin da reshe a Kano, an fara ta ne don kula da ingancin kayan da ake fitarwa waje, irin su gyaɗa da koko. Kuɓewar uwargida ba ta cikin kayan fitarwa, don haka ba ta shiga lissafi ba.

Babban sauyi ya zo ta hanyar ruwa. A tsakiyar shekarun 1970 aka kammala madatsar ruwa ta Ajiwa, a cikin ƙaramar hukumar Batagarawa ta yau, don shayar da birnin Katsina, noman rani kuma ya bunƙasa a gefenta. Daga shekarun 1980 zuwa na 1990 injin ban-ruwa da ƙananan rijiyoyin burtsatse suka maye gurbin jigo a fadamun Arewa. Mutumin da dā yake shayar da 'yan fangaloli da guga ya koma shayar da fili mai faɗi. Abin da ya cika fadamun kuwa shi ne tumatir da tattasai da attarugu, domin miyar dage-dage ta shinkafa da taliya ta samu shiga, birane har Legas suna nema.

Wannan ya ƙara wa shekara lokacin shanya na biyu, kuma a juye yake da na farko. Kuɓewa da kuka ana shanya su da kaka don a ci da rani. Tumatir yana tumbatsa ne daga Janairu zuwa Maris, ya yi araha har wani lokaci kuɗin kwando bai biya kuɗin mota ba, sannan ya ɓace da damina, lokacin da ruwa da cuta ke hana shi yi. Sai aka mayar da tsohuwar dabara kansa: a tsaga shi biyu ko huɗu, a baza, ya zama kauɗa, a ajiye don Yuni da Yuli. Tattasai ma haka.

Amma a nan aka yi asarar wani abu. Uwargidan da ke shanya faifai biyu tana da tabarma da soro da ido a kai. Manomin da kwando hamsin ya nuna masa rana ɗaya ba shi da tabarmar da za ta ɗauka, sai ya share ƙasa ya zuba, ko ya baza a gefen kwalta. Duk mai bin hanyoyin Katsina da Kano da bazara ya ga jan nan a bakin titi, ƙura da hayaƙin mota suna sauka a kai, awaki suna ratsawa. Shi ya sa kauɗa ta yi baƙin suna. Sai an jiƙa an wanke an sake wankewa kafin yashi ya fita, matan birni da yawa kuma suna ganin ta abincin rashi. Barkonon da ya kwana a ƙasa mai danshi yana iya kama fumfunar da ke haifar da gubar aflatoksin, mai lahani ga hanta. Duk wannan laifin wurin da aka shanya ne, shanya kanta ba ta da aibu.

Gwamnati da manyan 'yan kasuwa sun nemi maganin a masana'anta. Ƙiyasin da ake yawan ambata shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin Najeriya yana lalacewa kafin ya kai tukunya, ƙasar kuma tana shigo da na gwangwani daga Sin da Italiya. Kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa ta jihar Kano a Maris 2016. Ba a jima ba tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa sharon, ta cinye gonaki a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, masana'antar ta tsaya don rashin kaya. A watannin da ɗanye ya gagari talaka, buhunan kauɗar da aka raina su suka riƙe miyar gidaje da yawa.

Batagarawa kanta ba ta zauna yadda Hill ta bar ta ba. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 gari ke miƙowa kudu ta hanyar Dutsin-Ma. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman, kwalejin ilimi ta tarayya, da jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da aka kafa a 2006, duk a wannan layi suke, gonakin karakara kuma suna komawa fulotai. Sabon gida na bulo ne da rufin kwano da daɓen siminti. Ba soron shanya, ba lungun da kabewa za ta tsiro. Dunƙulen Maggi ya rage wa daddawa kasuwa, tumatirin leda ya shiga kowane shago. Matan ma'aikata sun koyi wata hanya: a sayi kwando da araha, a kai inji a markaɗa, a dafa har ruwan ya ƙone, a ƙulla a sa a firji. Hanya ce mai kyau muddin akwai wuta, busasshen kaya kuwa bai dogara da ita ba. Ga kuma rashin tsaro da ya hana manoma da yawa zuwa gonakinsu a Batsari da Jibiya da Safana, wanda ya ƙara wa cefane tsada, har wasu gidaje suka koma shuka kuɓewa da alayyahu a buhu da tsohon bokiti.

Gyaran da ya fi amfanar talaka ya zo ne daga waɗanda suka ɗora a kan abin da ake da shi. Malam Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa kuma ɗan gidan maginan tukwane, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da tsumma mai danshi. Ruwan yana tsatsafowa yana bushewa, yana janye zafin ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Tumatir da tattasai da kan lalace cikin 'yan kwanaki sukan kai mako uku. Wannan ya ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Haka buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda aka fara yaɗawa a 2007 ana kuma yin sa a Kano: a ɗaure shi tam iska ba ta shiga, ƙwarin wake su mutu ba tare da ko ɗigon magani ba. Duk wanda ya san yadda wasu ke zuba maganin ƙwari a abin da mutane za su ci ya san girman wannan.

Abin da shanya ke buƙata a yau bai kai kuɗin masana'anta ba: gado mai ƙafa da zai ɗaga kaya daga ƙasa, raga mai hana ƙuda, rufin leda mai haske don tumatir, inuwa don ganye, da mazubi mai murfi. Kafinta a Batagarawa zai haɗa shi da katako da waya. Hukumar raya aikin gona ta jihar Katsina, KTARDA, tana da malaman gona, jami'a da kwalejoji suna bakin garin da ɗaliban da ke neman abin bincike, tsofaffin matan da suka san wace kuɓewa ce ke riƙe yauƙi har bazara kuma suna nan da ransu. Ya kamata a je a zauna da su, a rubuta abin da suka sani, a tattara irin da ke gorunansu kafin fulotai su cinye sauran garake, a kuma kafa wa manoman Ajiwa wuraren shanya masu tsafta kafin tumatirin Janairu mai zuwa ya nuna.